Buhun yuriya da hasken leza: Binciken da Zariya za ta iya idan ta mallaki ma'auni

Da zarar damina ta kawo kai, babu hajar da ake tayawa a Zariya kamar takin yuriya. Daga shagunan cikin birni zuwa Tudun Wada da Sabon Gari, lissafin manoman masara na Giwa da Soba da Maƙarfi ɗaya ne: buhu nawa za a saya, kuma nawa ne buhu.

Abin da mai saye da mai sayarwa ba su cika sani ba shi ne, wannan farin tsakin da ake barbaɗawa a gindin masara yana da wata daraja a ɗakunan binciken kimiyyar haske na duniya. Idan aka tace shi, aka raine shi a hankali har ya zama dunƙule guda garai-garai, yana iya karɓar hasken leza ya sauya masa launi. Har gobe, idan masani ya haɗa sabon sinadari yana son sanin ƙarfinsa a wannan aiki, yuriya na cikin abubuwan da yake auna shi da su, kamar dai yadda ake komawa ga mudu a kasuwar hatsi.

Wannan fanni na rainon kiristal yana cikin ƙalilan na kimiyyar zamani da talaka zai iya shigarsu. Zariya tana da makarantu da malamai da kayan farawa. Sai dai arhar shiga ita ce tarkon, domin rainon ba shi da tsada, tantance abin da aka raina ne mai tsada. Duk kuɗin da za a kashe a wannan fanni, wajen tantancewa ya kamata ya fara zuwa.

Yadda haske ke canza launi

Kiristal shi ne duk wani daskararren abu da ƙwayoyinsa suka jeru a tsari ɗaya mai maimaita kansa. Ƙwayar gishiri kiristal ce, haka ta sukari, haka alif ɗin da matan cikin ganuwa ke jefawa a randa don ruwa ya kwanta, wanda wasu ke kira alam.

A al'ada, idan jan haske ya shiga gilashi ja zai fito. Amma idan hasken ya yi ƙarfi matuƙa, kamar na leza, wasu kiristal ba sa mayar da shi yadda suka karɓa. Wanda ya taɓa jin lasifikar wa'azi an ƙure mata murya ya san irin wannan: sautin da ke fitowa yakan haɗu da wata ƙara mai tsini wadda ba ta cikin muryar mai magana. Haka haske yake yi. Kiristal ɗin yakan haɗa ƙwayoyin haske biyu su zama ɗaya mai ninkin ƙarfi, launi kuma ya canza.

An fara ganin haka a 1961 a Jami'ar Mishigan ta Amurka, shekara guda bayan ƙera leza ta farko. Peter Franken da abokan aikinsa sun harba jan haske mai zango nanomita 694 cikin wani farin dutse, suka samu ɗan haske mai zango 347, rabi cif. Hasken ya yi rauni har ya fito a hoto kamar ɗigon ƙura, kuma masu shirya mujallar da ta buga binciken suka goge shi, suna zaton datti ne. Shaidar da aka yi aikin dominta ba ta fito a shafin ba.

Yau abin ya shiga aljihu. Yawancin 'yan tocilan leza masu koren haske da malamai ke nuni da su a allo, hasken da suke samarwa a ciki ido ba ya ganinsa, zangonsa nanomita 1064 ne. Wani ɗan kiristal da bai kai ƙwayar shinkafa ba shi ke raba zangon biyu ya koma 532, kore shar. A can sama kuma akwai cibiyar NIF ta Kalifoniya, inda a ranar 5 ga Disamban 2022 aka haɗa hasken leza 192 a kan ɗan ƙwayar makamashi, aka samu ƙarfin da ya fi wanda hasken ya kai mata. Faranta na kiristal ɗin KDP da danginsa ne ke sauya launin wannan haske, kuma an yanko su ne daga dunƙulen da wasunsu suka haura kilo 300, waɗanda aka raina a cikin ruwa cikin kimanin wata biyu. Shi ma KDP, in an bi asalinsa, gishiri ne da manoma ke amfani da shi a matsayin taki.

Yuriya ta bambanta da su ta fuska ɗaya: tana cikin dangin sinadarai masu kabon, irin waɗanda ake samu a jikin halittu da magunguna da rini. Amfanin wannan dangi shi ne mai haɗa sinadarai zai iya zama ya tsara su yadda yake so, ya ƙara wani reshe nan, ya cire wani can.

Sharaɗin dai guda ne, kuma shi ne ke ba masana wahala. Dole ƙwayoyin su jeru ba tare da kowace ta samu kishiyar da ke fuskantar akasinta ba. Idan suka jeru kamar takalma a kwali, ɗaya kai ɗaya gindi, ƙarfin wannan zai kashe na wancan, ba za a ga komai ba. Akasarin sinadaran wannan dangi kuwa irin jerin takalman suke so. Akwai wani sinadarin haɗa galura mai suna para-naitro-anilin, wanda ƙwayarsa ɗaya tana da ƙarfi sosai, amma kiristal ɗinsa ba ya ninka haske saboda wannan jeri. Da aka ɗora masa ɗan ƙaramin reshe guda, sai jerin ya karkace, aka samu MNA, wanda masanan kamfanin Bell na Amurka suka nuna ƙarfinsa a 1979. Daga baya aka samu DAST, shi ma ɗan gidan rini ne, wanda ake amfani da shi wajen samar da hasken terahaz mai ratsa takarda da tufafi da roba.

Kada dai marinan Zazzau su ji an ambaci rini su sa rai. Ƙwayoyin shuni irin jerin takalman suke yi.

Kwalba, zare da haƙuri

Hanyar raino mafi sauƙi kowace uwar gida za ta gane ta. A narkar da sinadarin a ruwa ko wani abin narkarwa har ya ƙoshi, a tace, a rufe da takarda mai 'yan huje-huje, a ajiye inda ba a motsi. Ruwan yana ƙafewa sannu a hankali, ƙananan ƙwayoyi suna fitowa. A zaɓi wadda ta fi kyau, a ɗaure ta da zare a rataya a cikin sabon ruwan, a bar ta ta yi ta girma. Makonni ake yi, wani lokaci watanni. A garin da mai ɗinkin hannu zai zauna a zaure yana bin aska takwas a jikin babbar riga har wata ya juya, ba sai an yi wa kowa dogon bayani a kan irin wannan jira ba.

Yuriya kanta ba ta da sauƙin hali. Wadda ke cikin buhu tana ɗauke da wasu gauraye, har da abin da ake sa mata don kada ta dunƙule, saboda haka sai an narkar an sake fitar da ita sau da yawa kafin ta tsarkaka. A ruwa zalla sirara take fitowa kamar allurai, shi ya sa masu son dunƙule suke komawa ga wasu abubuwan narkarwa. Tana da laushi, tana kuma shan raɓa. Duk manomin da ya bar buhu a buɗe a watan Agusta ya ga yadda take jiƙewa. A Jami'ar Konel ta Amurka an yi nasarar yin na'urar sauya launin leza da ita a shekarun 1980, amma waɗannan halaye nata suka sa aka koma ga wasu.

Waɗanda suka karɓe kasuwar 'yan Sin ne. Chen Chuangtian da tawagarsa a Fujiyan sun fito da kiristal ɗin BBO da LBO a shekarun 1980, kuma yau da wuya a shiga babban ɗakin binciken leza ba a same su ba. Da suka kai ga wani mai suna KBBF, wanda ke ba da hasken da sauran ba sa iya bayarwa, sai Sin ta daina fitar da shi waje, masanan Amurka suka koma neman hanyar yin nasu. Ƙasar da a lokacin ake yi wa kallon mai kwaikwayo ta riƙe wuyan manya da ɗan abin da bai kai farce ba.

Najeriya kuwa a yanzu tana cikin manyan masu samar da yuriya a Afirka. Masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Legas a Maris na 2022 an gina ta ne don tan miliyan 3 a shekara, ga ta Indorama a Eleme da ta Notore a Onne. Ana loda ta a jiragen ruwa ana kai wa Burazil da sauransu a farashin tan. Ba wanda zai ce rainon kiristal zai maye gurbin wannan ciniki. Amma tazarar da ke tsakanin abin da ake sayarwa da tan da abin da ake sayarwa da milimita, hannun ƙwararru ne kawai.

Darasin Indiya

Wanda ke son ganin alheri da sharrin wannan fanni ya dubi kudancin Indiya. Jami'ar Anna da ke Chennai ta kafa cibiyar rainon kiristal tun shekarun 1980, ɗalibanta suka bazu a ƙananan kwalejoji na jihar Tamil Nadu. Saboda aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, malamin kwalejin ƙauye ma ya samu abin bincike. Aka horar da dubban matasa, aka yi aikin kirki da yawa.

Sai kuma aka yi ambaliyar takardu. Wani zai zuba sinadarai biyu a kwalba, ya jira, ya ga wani abu mai sheƙi ya fito, ya raɗa masa suna ta hanyar haɗa sunayen biyun, ya buga cewa ya gano sabon kiristal. Alhali sau da yawa ɗaya daga cikin biyun ne kawai ya sake fitowa, ɗayan yana nan a ruwa. Michel Fleck na Biyana da Aram Petrosyan na Armeniya sun wallafa nazari a 2010 suna bankaɗo irin waɗannan kurakurai a kiristal ɗin da aka ce an yi da sinadaran amino. Bikshandarkoil Srinivasan na Jami'ar Goa ya shafe shekaru yana bin irin waɗannan takardu ɗaya bayan ɗaya, yana nuna cewa abin da aka kira sabo tsohon abu ne da kowa ya sani. Wasu ma sun ba da rahoton ninka haske daga kiristal mai jerin takalma, abin da ka'idar fannin ta ce ba zai yiwu ba.

Duk wanda ya san yadda ƙarin girma yake a jami'o'in Najeriya, inda ake ƙirga takardun malami kafin a karanta su, ya san wannan cuta ba za ta sha wahalar kama mutane a nan ba. Fanni mai arha, hoto mai kyau, ga mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai. Idan aka buɗe ƙofar raino aka bar ta tantancewa a rufe, abin da za a girba ke nan.

Tantancewar matakai ce. Na farko ba su da tsada ko kaɗan: a auna zafin da abin ke narkewa, a auna nauyinsa, a duba shi da na'urar infirared. Yuriya tana narkewa a wajen digiri 133. Wanda ya ce ya haɗa ta da wani abu ya samu sabon kiristal, sannan abin nasa ya narke a 133, to yuriyarsa ce ta dawo masa. Da yawa daga takardun da aka ƙaryata, wannan ɗan gwajin kaɗai ya isa ya hana a rubuta su.

Mataki na gaba shi ne alƙali: na'urar eksire mai karanta kiristal guda. Ana ɗora ɗan ɓarɓashi da bai kai rabin milimita ba, a haska shi, na'urar ta fitar da wurin zaman ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa. Daga nan a duba rumbun bayanai na Kambirij, wanda ya haura tsari miliyan ɗaya tun 2019, a ga ko wani ya riga ya gano shi. Sai na ƙarshe, gwajin da Kurtz da Perry suka tsara a 1968: a niƙa kiristal ɗin, a harba masa leza, a auna koren hasken da ya fito a kwatanta da na yuriya ko KDP. A Indiya, kwalejoji da dama ɗakin gwaji ɗaya suke aika samfurinsu a Cibiyar Kimiyya ta Bangalor. Ba kowa ne ke da leza ba, kuma ba sai kowa ya mallaka ba.

Masu haɗa sinadarai na Najeriya sun saba aika ƙwayoyinsu Afirka ta Kudu ko Turai a karanta musu, su jira watanni, su kuma raba sunan aikin da mai na'ura. Kiristal mai shan raɓa irin yuriya ba lallai ya isa can da ransa ba.

A nan ne Zariya take da hujjar da sauran garuruwa ba su da ita. A Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai ƙaramin tukunyar nukiliya mai suna NIRR-1, wadda ta fara aiki a 2004, aka kuma sauya mata makamashi zuwa mai ƙarancin haɗari a 2018. Shekara 20 da ɗoriya ana kula da ita a ƙarƙashin idon hukumomin duniya, masu bincike daga sassan ƙasar nan suna kawo samfurin ƙasa da dutse da abinci ana auna musu. Garin da ya iya riƙe wannan amana zai iya riƙe na'urar eksire. Ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, ga cibiyar fata ta NILEST a Samaru, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, duk a tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Ƙofar Doka.

Mai adawa zai ce, garin da har yanzu 'yan garuwa ke tura kura a lungunansa, ina shi ina leza? Zai kuma ƙara da cewa kiristal na dangin kabon, duk da shekaru 40 na alƙawari, ba su ƙwace kasuwa ba. Maganarsa ta biyu gaskiya ce. Suna da laushi, suna da wuyar gogewa, zafi yana lalata su, kuma in ban da wasu ɓangarori kamar na terahaz, masana'antu sun fi amincewa da sauran. Wanda ya yi wa gwamna alƙawarin masana'antar leza a Zazzau cikin shekara biyar, kwangila yake nema.

Amma na'urar da za a saya ba ta kiristal ɗin haske kaɗai ba ce. Malaman haɗa magunguna da ke ciro sinadarai daga saiwoyi da ɓawon itatuwan Arewa, da ita za su san ainihin siffar abin da suka ciro. Magani ɗaya yana iya fitowa a jeri biyu, ɗaya ya narke a ciki ɗaya ya ƙi. A 1998 sai da aka janye kafson ritonabir na masu cutar ƙanjamau daga kasuwa saboda wani sabon jeri da ya ɓullo ba zato. Masu nazarin duwatsu ma suna buƙatarta, a daidai lokacin da ake tonon litiyom a Kaduna da Nasarawa. Kuɗinta dubban ɗaruruwan daloli ne. Kuɗi ne mai yawa, amma asusun TETFund ya sha gina ɗakunan taro da suka fi haka tsada. Bambancin shi ne gini yana ɗaukar allon suna da yankan kintinkiri, albashin ƙwararren da zai zauna da na'ura shekara goma kuwa ba ya fitowa a hoto.

Sai wuta. Rainon kiristal mai inganci yana son kwanon ruwan da zafinsa ba ya gocewa ko da kashi ɗaya cikin 100 na digiri, ana sauke shi kaɗan-kaɗan kowace rana. Ɗaukewar wuta ta dare ɗaya tana barin tabo a cikin kiristal ɗin, aikin mako shida ya tashi a banza. A Oktoban 2024 Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta. Kafin nan, a Afrilun shekarar, an ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, abin da ya jefa jami'o'i cikin bashi. Sa'ar da aka yi, kwanon raino ba ya cin wuta sosai. Faranta kaɗan na sola da batura masu kyau sun ishi ɗaki guda. Duk takardar neman tallafin da ba ta sa su a layin farko ba, bai kamata a karanta layi na biyu ba.

Rabon cikin ganuwa a wannan aiki shi ne yara. Dorothy Hodgkin, wadda ta warware tsarin fenisilin da bitamin B12 da insulin, tana yarinya 'yar kimanin shekara 10 ta fara da rainon alif a aji. Tana Gana ne a 1964 labarin kyautar Nobel ya riske ta, inda mijinta Thomas Hodgkin, marubucin tarihin Najeriya, yake aiki. Tun 2014, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa kimiyyar kiristal, ƙungiyar masanan fannin ta duniya take ƙarfafa gasar raino tsakanin 'yan makaranta. Masanan Afirka ma sun fara taronsu a Dishang ta Kamaru a 2016, suka sake haɗuwa a Akara a 2019.

Alif ba ya ninka haske, amma yana koyar da duk abin da hannu ke buƙata: tsafta, awo, rubuta abin da aka gani kowace safiya, da rashin taɓa kwalba don ɗoki. Ɗalibin Alhudahuda ko ɗalibar makarantar 'yan mata ta Ƙofar Gayan za su iya farawa da alif na 'yan nairori daga kasuwar birni, da kwalbar zuma da aka wanke, da zaren ɗinki. Abin da ya rage ga malaman Samaru shi ne su karɓi abin da yaran suka raina su auna shi a gabansu, su nuna musu wanda ya fito tsarkakakke da wanda ya haɗiye datti, ko da na ɗan gidan sarauta ne.

Lokacin da ya fi dacewa a gwada yuriya shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ta bushe kuma farashin buhu ya lafa. Sai dai a rufe tagogi, domin ƙwayar ƙura ɗaya da ta faɗa cikin kwalba tana iya sa ƙananan kiristal ɗari su fito a madadin babba guda.